Inda Fasto Yake Cewa Tsaya

Lahadi, 3 ga Maris
Ni na yi karatu a coci yau ma. Fasto ya kira aya, in karanta, ya ɗaga hannu ya ce "Tsaya nan," in tsaya. Shekara shida ke nan. Wa'azin kan Nisrok ne, gunkin Assuriyawa. Wai shi yake shiga 'ya'ya su kashe ubanninsu, har yau yana yawo. Yana faɗa yana kallon bencinmu.

Talata, 5 ga Maris
Fasto ya zo duba Baba. Inna ta ba shi labarin faɗan da Yaya ya yi da Baba kan shagon walda, kwana biyu kafin jikin Baba ya shanye. Fasto ya ce, "Mama, kar yaron ya ƙara taka ɗakin nan." Inna ta ce to.

Laraba, 6 ga Maris
Na bi littafin Sarakuna da na Ishaya da ɗan yatsa. Sau biyu kacal sunan ya fito, magana ɗaya ce: sarki yana sujada a ɗakin gunkin, 'ya'yansa biyu suka sare shi. Ba inda aka ce gunkin ya shige su. Abin da Fasto ya zayyana, wai gunkin yana da kan gaggafa yana shan jini, ko alama. Ina ya samo?

Asabar, 9 ga Maris
Na nuna wa Inna. Ta ture Littafin. "Ke kin fi Fasto sani?" Yaya ya zo da lemo, a bakin ƙofa na karɓa. Ya ce, "Baba ya tambaye ni?" Na ce barci yake. Ƙarya nake, tun safe sunansa yake kira.

Litinin, 11 ga Maris
Gobe zan samu Fasto.

Alhamis, 14 ga Maris
Ban je ba. Baba ya rasu da hantsi. Yaya yana tsaye a waje. Kunyar kaina nake ji.

Lahadi, 17 ga Maris
Ayar nan Fasto ya sake kira, wai darasi ga masu 'ya'ya. Yaya yana can bencin baya, kowa ya matsa daga kusa da shi. Na kai inda suka sare sarkin, Fasto ya ɗaga hannu. Sai na ji bakina ya zarce har ƙarshe, inda wani ɗansa ya gaje shi. Na ce, "Iyakar abin da aka rubuta ke nan."

Inna ta ce ƙila ban ga hannun ba ne. Na bar ta a haka. A bencin baya na ƙarasa sujada.