Irin Inna Hajo da janaretan Baba Is'haƙa

Litinin, 5 ga Yuni 2023

Ruwa ya sauka jiya. Asabar ƙungiyarmu za ta raba irin gero, amma duk waɗanda sunka gudo daga Gatawa da ƙauyukanta, rumbun bayanai na nuna suna can. Dokar rabo kuma: inda sunanka yake, can za ka karɓa. Wa zai koma Gatawa don kwano biyu na iri?

Aikina in sauya masu mazauni zuwa Sabon Birni. Na ba kwamfuta umarni tun hantsi, tana ta nishi. Jadawali ɗaya tak a cikin rumbun, sunayen manoma da makiyaya har na garuruwan Isa da Bafarawa, duk an cusa. Abdurra'uf, wanda ya gina abin nan ya tsere Sakkwato da digirinsa, jaki ne. Na rubuta, ban gogewa.

Talata, 6 ga Yuni

Azahar ta yi, Baba Is'haƙa mai gadi ya kashe janareta ya tafi masallaci. Kullum haka yake yi, wai ba a barin inji na cin mai babu kowa. Aikin bai kai ƙarshe ba, sai ya warware ya koma farko. Na yi masa ihu. Ya ce, "Fatihu, kai ma da ka taso da ka samu jam'i."

Wata tsohuwa ta Gatawa, Inna Hajo, ta wuni bakin ƙofa. An ara mata gona bayan gari. "Ɗan nan, injin naka ya yarda na taso?" Na ce tukuna, Inna. Ta ce ita da ƙafa ta zo, ta riga shi.

Laraba, 7 ga Yuni

Na hau tudu da layin Nijar na samu sabis, na karanta har ido ya yi ja. Jakin ya sa wa kowane ginshiƙi na jadawalin fihirisa, wato jerin da ke sa a nemo abu da sauri, har ginshiƙin sunan kaka. Kowane suna na taɓa, sai an sake rubuta su duka. Na cire waɗanda ba a neman komai da su, na ƙara wa rumbun wurin aiki a ƙwaƙwalwar injin. Ya ɗan motsa.

Akwai wani saiti, fsync. Shi ke sa injin jira sai rubutu ya zauna a faifai kafin ya wuce. An ce in an kashe shi, gudu kamar babur a hanyar Gangara. Abdurra'uf ya bar shi kunne. Tsoro! Gobe za ni kashe shi.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na gwada kan kwafi tukuna, ban san mi ya sa ba. Ya yi gudu, har na yi dariya ni kaɗai. Anka kira Azahar. Ɗif.

Da wuta ta dawo, kwafin ya ƙi buɗewa. Ya lalace sarai. Da na ainihi ne...

Ban ci abinci ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Na bar fsync yadda na iske shi. Na daina kora sunayen gaba ɗaya: ƙauye ɗaya, a adana, sannan na gaba. In wuta ta ɗauke, abin da ya shiga ya shiga. Gatawa na fara sawa.

Da ladan ya yi gyaran murya na ce, "Baba, dakata wannan ƙauyen ya ƙare." Ya dakata. Munka tafi tare.

Asabar, 10 ga Yuni

Inna Hajo ta ɗaure irinta a gefen zane. Ta leƙo ta ce, "Gai da injin, ya iso." Ko kallona ba ta yi ba.

Na tura wa Malam Abdurra'uf saƙo, tambaya kawai kan fihirisa. Ya amsa da cewa ko Baba Is'haƙa na nan da halinsa na Azahar?

Fihirisar dai ta yi yawa. Wannan ban janye ba.