Sifikar da Baba ya ɗaure

Juma'a da dare, Jega

Kafaɗata ciwo take, barci kuma ya ƙi zuwa. Yau na sayo sifikar jitar bes ɗina. Biyu na tarar a shago, babba da ƙarama. Da na taɓa tsarkiya a babbar, har cikin haƙarƙarina na ji rugugin. Wallahi ita raina ya so. Amma wasanninmu na Aliero da Maiyama a kan mashin muke zuwa. Na haɗiye miyau na ɗauki ƙaramar.

Isowa gida na fi tsoro. Baba bai taɓa cewa uffan kan kiɗan nan ba, shirunsa kuwa ya fi faɗa ciwo. Ya iske ni ina ɗaure ta da roba don tafiyar gobe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haka za ka tahi da ita? Kahin Aliero ta hwaɗi." Ya ɗauko tsofaffin buhunan albasa ya shimfiɗa mata, ya ɗaure ta da igiyarsa.

Bai ce ya yarda ba. Amma sau biyu ya ja ƙullin ya gwada, yadda yake yi in kayan nasa ne.