Kaluluwar da Ba Ta da Miki

Yaya Mero,

Gaisuwa daga Fatakwal. Ya ƙafar Inna, ya mutanen Daudawa? Ni lafiya lau, in ban da kaluluwa a wuya da hammata, da ciwon saman ciki da ya raba ni da tuwo.

Inna ta koya mana kaluluwa ba ta fitowa sai da miki, a nemo shi, a shafa mata toka. Na duba har tsakanin yatsu, babu. Likita ya ce ko tarin fuka, ko ciwon hanta, ko ciwon daji. Na ƙarshen ƙasa-ƙasa ya faɗa, kamar mai gulma. Ana kan gwaji.

Kada Inna ta ji tukuna. Amma ki aiko mini da tokar murhunta. Duk karatuna, ita nake so.

Allah ya sada mu.

Ƙaninki,
Gide