Baƙin Allo a Laftof ɗin Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Anti da yara kuna lafiya.

Jiya ina kwashe kayan ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, na ci karo da laftof ɗinsa a ƙasan durowa, naɗe cikin rigarsa ta aikin jirgin ƙasa. Na kunna, ta tashi garau. Amma ƙaramar kwamfutar nan ta manhaja da ka girka masa a cikinta, kwamfuta cikin kwamfuta, saboda tsohuwar manhajar rubutunsa, ta ƙi tashi. Da farko ta ce ba ta ga faifanta ba. Na lalubo fayil ɗin faifan, na nuna mata hanya. Yanzu tana tashi, sai dai allon baƙi ƙirin, ba hoto, ba kibiyar linzami, sai layi ɗaya na farin rubutu yana neman kalmar sirri.

Ka ce ta mutu tun bara waccan. Ni dai ban taɓa ganin gawa tana tambayar kalmar sirri ba. Me zan yi?

Ka gaida kowa.
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Kwana uku ina juya takardarki kafin na iya amsawa.

Ba ta mutu ba. Ni na hana ta tashi da hoto, da hannuna. Lokacin Baba kan kira ni a ofis sau biyar a wuni: ya danna wani abu, tagar ta ɓace, rubutu ya koma gefe. Ranar da shugabana ya yi mini faɗa gaban mutane saboda yawan kiran, na biya gida, na sauya saitin cikin minti biyu, na ce masa ta lalace. Niyyata in huta sati ɗaya in mayar. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Bai ƙara kira ba, ni kuma na ji daɗin shirun.

Kalmar sirrin sunan Inna ce. Ki rubuta umarnin da na sa a bayan takardar nan, ki sake kunnawa.

Ki yafe mini in kin iya.
Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Hoton ya dawo. Rubutun Baba na nan, shafi tamanin da huɗu ne, labarin tashoshin da ya yi aiki. Ya tsaya a shekarar da aka haife ka, a tsakiyar jimla. Yana cewa wani ya biyo jirgin da keke yana ɗaga hula, yana ihu, "Direba, namiji ne!" sai shi kuma ya...

Nan ya ƙare. Na tambayi Inna me ya yi. Ta ce tana asibiti, ba ta sani ba, kuma bai taɓa faɗa mata ba.

Ban gaya mata abin da ka yi ba. Fushina bai sauka ba tukuna, amma ka zo.

Auta

Auta,

Salam. Zan zo Asabar. Kada ki rufe shafin. Inna kuma ki bari, da bakina zan gaya mata.

Yayanki