Mil Bakwai da Rabi

Laraba da dare, Gashuwa

Yau ma ni kaɗai ce a ɗakin magani. Da la'asar wata mata ta zo daga Dagona da ɗanta, jikinsa zafi rau. Na ɗora shi a sikeli, kilo goma sha biyu. Farasitamol ɗinsa ya kama miligiram ɗari da tamanin, ruwan kwalbar kuma ɗari da ashirin ne a kowane mil biyar. Mil bakwai da rabi ke nan. Lissafin da na saba yi kullum, amma sai da na maimaita shi sau uku a bayan kati.

A Nguru, inda nake aiki a da, ba haka muke yi ba. In na lissafa sai in faɗa da ƙarfi, Anti Falmata, babbata a wurin aiki, ta amsa daga teburinta, ko kai ba ta ɗagawa: "Haka ne, zuba." Shekara huɗu ban san nauyin da take ɗauke mini ba.

Uwar ta ce, "Malama, cokali nawa zan ba shi a gida?" Ina na san girman cokalin gidanta? Na ɗauko sirinji, na manna filasta daidai layin, na ce, "Ki ja zuwa nan, kada ki wuce." Ta gwada da ruwa a gabana, ta yi daidai.

Na kira Anti bayan isha'i, wayarta a kashe. Sai yanzu na tuna ɗazu na faɗi "bakwai da rabi" da ƙarfi, har na dakata ina jira. Fanka ce kawai ke juyawa.