Kujerun da Suka Cika Ƙofar Gidan Awwalu Mai Awaki

Daga: Suhaila Hudaifa Awwalu,
Gidan Awwalu Mai Awaki, ƙarshen kwalta,
Bayan katangar Sabuwar Unguwar Sidira, Makka.

Zuwa ga: Mai Girma Umda, Mai Unguwar Sidira,
Shaikh Mukhtaru.

Lahadi, 10 ga Sha'aban, 1446.

Game da: Takardar tashi da aka liƙa wa ɗakin kakata, da kujerun da suka jawo ta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa da na zo ta takarda. Na zo ofishinka da ƙafata ranar Laraba 6 ga wata, magatakarda ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, na ce ba komai, na sha ruwa na fito. Na dawo ranar Alhamis, na kai har bakin ƙofarka, ka ɗago kai, na gaishe ka na juya. Ni ce mai baƙar abaya da ta yi tuntuɓe da tukunyar fure. Na rubuta da Hausa domin an ce mahaifiyarka 'yar Tandabawi ce, unguwar Hausawa, kuma Larabcina na rubutu a aji huɗu ya tsaya.

Kakana marigayi Awwalu ya sauka a wannan wuri shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, babu kowa sai duwatsu da awakinsa. Ya yi ɗaki biyu na bulo, ya sayi barakis, wato ɗakin ƙarfe da katako, a hannun masu aikin hanya. Yanzu manyan gidaje sun zagaye mu. Mu ba mu matsa ba, gari ne ya zo ya same mu. Ni da kakata Hajiya Fatsuma ne a gidan, sai awaki uku.

Ga ƙorafina:

1. Ranar Alhamis, 2 ga Rabi'ul Awwal, maƙwabciyarmu Ummu Mish'al ta tsayar da mota a ƙofarmu da tsohuwar kujerar falo, ta ce, “Ya binti, kuna buƙata?” Ba ma buƙata. Zuciyata ta ce a'a, bakina ya ce Allah ya saka da alheri. Wannan laifina ne, na amsa shi.

2. Da Kaka ta gani sai ta ce gidan Awwalu ba a taɓa mayar da hannun kyauta baya ba, kuma yaba kyauta tukuici. Ta sa na cika kwalba da yajin tsiren da take dakawa, na kai. Ummu Mish'al ta gasa nama da shi, ta ɗauki hoto, ta sa a guruf ɗin matan unguwa, har da bayanin yadda ta samo shi.

3. Daga ranar ba mu sake ganin ƙofar gidanmu da kyau ba. Zuwa yau akwai kujeru goma sha bakwai, firji biyu marasa sanyi, katifu, da wata na'ura da ake hawa a yi gudu. Kaka ta tambayi mai ita ina take kai mutum, ya ce ba ta zuwa ko'ina. Ta ce, “To ɗana, wa ke korarka?” Shi ma ya tafi da yaji. Wata ta zo da matashin kai guda ɗaya da ƙatuwar kwalba wadda ta wanko daga gida. Akwai kujera mai ruwan goro da ta zo mana sau biyu. Ban ce wani ya ɗauka ya sake kawowa ba, ranka ya daɗe. Na ce dai ta zo sau biyu.

4. Na yi ƙoƙarin tsayar da abin. Na rubuta a kwali da Larabci cewa mun gode, ya isa haka, na rataye. Kaka ta sa na karanta mata, ta ce rabin ƙarshe rashin kunya ne, ta yanke shi da almakashi. Rabin farko yana nan a rataye, kuma mutane suna jin daɗinsa.

5. Ranar Talata, 5 ga Sha'aban, wani ma'aikaci ya zo ya liƙa jar takarda a jikin barakis. Ta ce mazauna unguwa sun yi kuka cewa wurin ya zama juji yana ɓata musu gani, don haka a kwashe tarkace tare da barakis ɗin cikin kwana goma sha biyar, wato Laraba 20 ga wata. Akwai lambar waya a ƙasa ta mai son yin bayani, amma kafin in ɗauko biro akuyarmu ta cinye wajen. An ce mini mutum ashirin da uku ne suka sa hannu. Gidajen unguwar ba su kai talatin ba, kwalaben da na cika kuwa sun fi haka. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na ga kamar hannun da ya sauke kujera shi ne ya riƙe biro.

6. Barakis ɗin ba tarkace ba ne. A cikinsa Kaka take zaune tun tana da ƙarfin ɗaukar ruwa a ka. A cikinsa Kakana ya cika, sandarsa tana jingine inda ya bar ta, kuma ko shara nake yi ba na matsar da ita. Ya tsufa, ban musa ba, fentinsa ya ɓare, amma ba ya yoyo, kuma shekara arba'in bai ɓata wa kowa gani ba sai da aka kewaye shi da kujeru. Har yau ban iya gaya mata abin da takardar ta ƙunsa ba. Ita da ta ga an liƙa mata ja mai sheƙi, ta ɗauka shi ma alheri ne, ta ce a ba bawan Allahn da ya liƙa ta yaji. An ba shi, ya karɓa. Ina roƙo kada a ɗauki wannan a matsayin toshiyar baki, don takardar tana nan bai cire ba.

7. Azumi saura kwana ashirin, kuma ka san al'adar garin nan, kowane gida sai ya sake kujerun majalisi, wato falon baƙi, kafin Salla. Jiya na ga motar kamfanin kujeru ta shiga unguwa sau huɗu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo da girman Allah:

A turo mota ta kwashe kujerun da sauran kayan, a kai wa masu buƙata na gaskiya. A bar barakis a inda yake, ni zan yi masa fenti da hannuna, kowane launi unguwa ta zaɓa. Sannan ka yi wa mutane magana da bakinka, ba da nawa ba, don nawa an gwada shi an gani. Wanda yake son yaji ya zo haka nan ya yi sallama, za a ba shi. In kuma ka ga dama ka zo ka duba da idonka, ka zo da duk wanda kake so, wurin zama ba zai yi kaɗan ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya juyo da ni daga bakin ƙofarka ranar Alhamis. Koriyar kujerar nan mai hannun zinare da ke ƙofarmu, direban gidanka Ayman ne ya sauke ta ranar 18 ga Rajab, ya ce saƙon Hajiya uwargidanka ne. Ba ƙorafi nake yi a kanta ba, ta fi duka kyau, a kanta akuyar take ƙailula. Sai dai ya tafi da sauri ba a ba shi tukuici ba, abin yana ta damun Kaka. Kwalbar da ke tare da wannan takarda taku ce. Don Allah a karɓa, kuma don Allah kada a aiko da komai.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama lafiya.

'Yarka mai biyayya,
Suhaila Hudaifa Awwalu