Ɗalibar Madam Waltraud ta Ƙarshe

Asabar, 7 Satumba 2024
Daga aikin asibiti ko takalmi ban cire ba, 'yata Mubina ta miƙo min makullin mota. In kai ta Pleasant Garden kuma, gidan Madam Waltraud, tsohuwar Bajamushiyar da ke koya mata waƙa. Ni likita na so 'yar nan ta zama. Ƙafafuna sun kumbura.

Asabar, 21 Satumba
Yau tsohuwar ta tsare ni da shayi. Ashe shekara ashirin ta yi tana waƙar opera a manyan gidajen wasa na Jamus, har aka yi mata aiki a maƙogwaro, muryar ta tafi. Ta biyo mijinta nan, ta koma koyarwa. Mijin ya rasu. Magana ma da kyar take fita, kamar mai mura. Na tausaya mata, amma barci nake ji.

Laraba, 9 Oktoba
Rigima. Madam na son Mubina ta je Jamus gwajin shiga makarantar waƙa. Baban Mubina ya ce min, “Bebi, me za mu faɗa wa mutane a masallaci?” Na ce ban sani ba. Mubina ta amsa da Turanci, ta rufe ƙofa.

Alhamis, 10 Oktoba
Ba wanda ya ci tuwon da na yi.

Asabar, 26 Oktoba
Na je gidan Madam in ce a daina koyon waƙar. Ta riga ni: likita ya hana ta koyarwa daga Disamba, ciwon zuciya. “Hajiya,” da kyar ta iya furta shi, “'yarki ce ɗalibata ta ƙarshe. Ban taɓa roƙon uwar kowa ba, amma ki bar ta ta je Jamus.” Na manta ma abin da na shirya faɗa.

Lahadi, 17 Nuwamba
Taron bankwananta a wani zaure a titin Elm Street. Tsofaffin ɗalibanta sun zo, wasu da furfura. Mubina ta fito da ɗankwalinta, ta yi waƙa da Jamusanci. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Madam na zaune a gaba, leɓɓanta na bin waƙar, ba sauti. Baban Mubina bai tafa ba, amma bai duba waya ba har aka gama.

Talata, 19 Nuwamba
Na gaji. Na biya gidan waya, inda ake karɓar takardun fasfo a nan, na sabunta fasfon Mubina. Dama ya kusa ƙarewa ne, ba wani abu ba. Na dai ce a yi na gaggawa.